Me Ke Damun Auta?

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar. A gida kowa 'Yar Baba yake ce mata. Tana da wa ɗaya da ƙane ɗaya. Ƙanen nata jariri ne, watansa bakwai. Auta ake kiransa.

'Yar Baba tana son Auta kamar ranta. In ta dawo daga makaranta, kafin ta ajiye jaka sai ta leƙa shi. Shi ma da ya gan ta sai ya wangale baki, ga haƙori ɗaya tal.

Wata ranar Asabar Mama tana yanka albasa, sai wuƙa ta zame ta yanke ta a tafin hannu. Baba ya kai ta asibiti, aka ɗinke wurin, aka naɗe da bandeji. Likita ya ce kada hannun ya taɓa ruwa har kwana goma.

Da suka dawo, Baba ya raba aiki. Shi zai wanke manyan kaya. Yaya zai yi wanke-wanke. Kaka za ta riƙa yi wa Auta wanka.

'Yar Baba ta ɗaga hannu kamar tana aji. Ta ce, "Ni zan riƙa wanke kayan Auta!"

Mama ta ce, "Madalla da 'yar albarka. Zo in nuna miki yadda ake yi."

"Na iya, Mama. Ai kullum ina ganinki."

"Duk da haka ki tsaya ki ji. Da farko..."

Sai Auta ya fasa kuka a ɗaki. Mama ta tashi da sauri. Daga bakin ƙofa ta ce, "Sabulunsa yana cikin kabad ɗin da ke kusa da famfo."

'Yar Baba ta kwashi 'yan rigunan Auta ta zuba a baho. Ta buɗe kabad. Nan ta tsaya turus. Sabulu ba ɗaya ba ne, har uku ne. Ga sabulun sanda. Ga wata farar kwalba mai sabulun ruwa. Ga kuma babban bokiti mai jan murfi, cike da shuɗin garin sabulu.

Ta ce a ranta, "To, wanne ne na Auta a ciki?"

Ta so ta koma ta tambaya. Sai ta tuna yanzu-yanzu ta ce ta iya. In Yaya ya ji, yau ta shiga uku da tsokana.

Ta ɗauki farar kwalbar. Akwai ƙananan rubutu a bayanta, amma ba ta tsaya karantawa ba. Ta ɗiga kaɗan a ruwa ta kaɗa da hannu. Kumfar da ta taso ba ta taka kara ta karya ba. Ta shinshina. Ko ƙanshin kirki babu.

Ta yamutsa fuska. "Wannan ai da shi da ruwa duk ɗaya."

Sai ta dubi bokitin. Wannan kam ta san shi. Baba bakanike ne. Kullum rigar aikinsa takan dawo da baƙin mai. Da wannan garin ake wanke ta, ta fita fes.

Ta ce, "Yauwa! Abin da ya fitar da baƙin mai, ai shi ne sarkin sabulu. Auta kuwa sai abu mafi kyau."

Ta cika hannu ta zuba. Ta ƙara. Ta sake ƙarawa don kada a ce ta yi rowa. Ta kaɗa ruwan. Kumfa ta taso, ta cika baho, ta zubo ƙasa. Daɗi ya kama ta. Ta yi ta cuɗa riguna tana waƙa.

Wajen ɗauraya ne aiki ya tsaya. Ta zubar da ruwa ta tari sabo, kumfa ta dawo. Ta sake, kumfa ta sake dawowa. Hannunta ya gaji, bayanta ya ƙage.

Ta ce, "Wai wannan kumfar ba ta ƙarewa ne?"

Ta yi ɗan tunani. Kumfa ai tsabta ce. In ta ragu a jikin kaya, ƙara musu tsabta za ta yi. Sai ta matse su haka nan ta shanya a igiya.

Da yamma kaya suka bushe. Sun ɗan yi tauri, kamar an sa musu sitaci. Ta murza su da hannu har suka saki. Ta ninke su tsaf ta jera a akwatin Auta.

Washegari ma haka ta yi.

Ran Litinin da safe, Auta ya tashi da rigima. Ya ƙi wasa. Yana ta goga wuyansa a kafaɗar Mama. Da Kaka ta cire masa riga za ta yi masa wanka, sai ta ce, "Kai! Ku zo ku ga maigidana!" Haka take kiran Auta don wasa.

Kowa ya taru. Wuyan Auta da bayansa da cikinsa duk sun yi ja. Ga ƙananan ƙuraje birjik.

Mama ta ce, "Wannan kuma daga ina?"

Kaka ta ce, "Zafi ne. Na goyi 'ya'ya bakwai, na san ƙurajen zafi."

Baba ya ce, "Anya kuwa? Kwana biyun nan ai ba a yi zafi ba. Ni sauro nake zargi."

Mama ta ce, "A cikin gidan sauro yake kwana. Ko dai sabon man da nake shafa masa ne?"

Yaya ya ce, "Mage ce! Jiya na gan ta kwance a kan shimfiɗarsa."

'Yar Baba ta zabura. Magen tata ce. Tun tana 'yar mitsitsiya ta tsince ta a bakin ƙofa.

Ta ce, "Ba ita ba ce! Ai tun da aka haifi Auta tana gidan nan."

Kowa yana faɗin nasa, babu mai jin na wani. Auta kuwa yana ta tsala ihu. A ƙarshe aka yi komai a lokaci ɗaya. Aka buɗe tagogi saboda zafi. Aka sake gidan sauro. Aka daina shafa sabon mai. Mage kuma Yaya ya sa ta a kwali ya kai ta gidan Gwaggo, can bayan tashar mota.

'Yar Baba ta tafi makaranta tana share hawaye. A hanya tana ta tunani. Zafi ne? Sauro ne? Mai ne? Mage ce? Sai ta tuna Malama ta taɓa ce musu ƙazanta tana kawo ƙuraje.

Ta ce a ranta, "Wayyo! Ko dai ni ce ban wanke kayansa da kyau ba?"

Da ta dawo gida, ko abinci ba ta tsaya ci ba. Ta kwaso kayan Auta duka, har da zanen gadonsa da tawul. Yau hannu biyar ta zuba. Kumfa ta kai mata gwiwar hannu. Ta dirje kayan iya ƙarfinta.

Mama ta hango ta daga taga ta ce, "Sannu da aiki, 'Yar Baba. Allah ya yi miki albarka."

"Amin, Mama. Yau kam sai sun fita."

Ran Talata ƙurajen ba su tafi ba. Ran Laraba suka ƙaru, har suka sauko cinyoyinsa. Fuskarsa dai lafiya lau. Tafin hannunsa da ƙafarsa ma lafiya lau.

Kaka ta riƙe haɓa. "Ikon Allah! Wane irin ƙuraje ne masu zaɓen wuri?"

'Yar Baba ta ce, "To ga shi mage ba ta nan, kuma bai warke ba."

Yaya ya sosa ƙeya. "Wataƙila gashinta ne ya rage a ɗakin."

Mama da Baba suka ɗauki Auta sai asibiti. Da 'Yar Baba ta dawo daga makaranta, ta tarar da su a falo suna ba Kaka labari.

Mama ta ce, "Likita ya ce ba wata babbar cuta ba ce. Wai akwai abin da ke taɓa fatarsa da ba ta so. Ya ba mu man shafawa. Amma ya ce in ba mu gano abin ba, ƙurajen za su yi ta dawowa."

Kaka ta ce, "To mene ne abin?"

"Shi ne ba mu sani ba. Ya tambaye ni ko mun canja sabulu. Na ce masa a'a, tun haihuwarsa sabulu ɗaya muke amfani da shi."

Kaka ta ce, "Gaskiya ne. Da wanda kika ba ni nake masa wanka."

'Yar Baba tana tsaye tana ji. Ta ɗauka sabulun wanka kawai ake nufi. Sabulun wanki ko kusa bai zo mata a rai ba. Ai ba a jikin Auta take zuba shi ba, a baho take zubawa.

Amma ita ma akwai abin da ke damunta. Hannuwanta sun bushe sun yi ja. Tsakanin yatsunta yana ta ƙaiƙayi, fatar tana ɓarewa. Tsoro ya kama ta. Ko cutar Auta ce ta kama ta? Ko kuwa ita ce ta sa masa? In aka gani, ƙila a hana ta ɗaukarsa. Ƙila ma a kai ta gidan Gwaggo kamar mage. Sai ta riƙa ɓoye hannuwan a bayanta.

Ran Alhamis a aji, Malama ta ce kowa ya kawo littafinsa. 'Yar Baba ta miƙa nata da sauri za ta juya. Malama ta riƙo hannunta.

"Tsaya. Me ya sami hannunki?"

"Ba komai, Malama."

"Ba komai ne ya yi ja haka? Ki same ni in an fita tara."

Da aka fita, 'Yar Baba ta je ta tsaya gaban tebur, kanta a ƙasa. Malama ta jawo mata kujera. Tun kafin a tambaye ta, sai kuka ya ƙwace mata. Ta ba da labarin ƙurajen Auta da na mage. Ta ce tana jin ita ce ta sa wa ƙanenta cuta.

Malama ta ce, "Share hawayenki. Ruwa ba ya tsami banza. Faɗa mini, wane sabon aiki kika fara da hannun nan?"

"Wanki kawai. Kayan Auta nake wankewa."

"Da wane sabulu?"

"Da mai kyau, Malama. Wanda ake wanke rigar aikin Baba."

"Mene ne aikin Baban naki?"

"Bakanike ne."

Malama ta ce, "Kamar yaya kike zubawa?"

"Da farko hannu uku. Da na ga ƙuraje sai na mai da shi biyar."

"Biyar! A baho ɗaya?"

"E, Malama. Don su fita sosai."

"In kin ɗauraye, ruwan yana fita garau?"

"A'a. Kumfar ba ta ƙarewa. Sai in shanya haka nan. Ba tsabta ba ce kumfa?"

Malama ta ce, "A ina da ina ƙurajen suka fito masa?"

'Yar Baba ta lissafa da yatsu. "Wuya, baya, ciki, cinya."

"Fuska fa?"

"Babu."

"Me ke rufe wuya da baya da ciki da cinya, amma ba ya rufe fuska?"

'Yar Baba ta yi tunani. Sai ta ce a hankali, "Riga da wando."

Amma har yanzu kanta a ɗaure yake. Ta ce, "Malama, ban gane ba. Sabulu ai shi ke kashe datti. Yaya za a yi abin tsabta ya kawo ƙuraje?"

Malama ta ce, "In kina shan shayi, cokali nawa na sukari kike sawa?"

"Biyu."

"In aka zuba miki ashirin fa?"

"Ba zai shawu ba."

"In kuma aka zuba gishiri maimakon sukari? Ai shi ma fari ne, kuma yana da amfani."

'Yar Baba ta yi 'yar dariya cikin hawaye. "Sai dai a zubar."

"To haka sabulu yake. Kowane iri da aikinsa, kuma kowanne da awonsa. Amma kada ki yarda don na faɗa. In kin je gida, ɗauki rigar Auta ɗaya daga cikin waɗanda kika wanke. Tsoma ta a ruwa mai tsabta ki matsa. Ki yi a gaban Mamanki. Abin da kika gani, ki faɗa mata gaskiya."

Ranar hanyar gida ta yi mata tsawo. Zuciyarta ɗaya tana cewa ta yi shiru, ta canja sabulu a ɓoye. Ɗayar tana tuna mata Auta yana kuka, ga mage a gidan Gwaggo ba ta ci ba ba ta sha ba.

Da shigarta ta ɗebo ruwa a farin kwano. Ta ɗauko rigar Auta daga akwati. Ta ajiye kwanon a tsakiyar falo. Baba ya dawo cin abincin rana, don haka kowa yana nan.

Yaya ya ce, "Yau kuma a falo za a yi wankin?"

Ba ta kula shi ba. Ta ce, "Mama, ki duba."

Ta tsoma rigar ta matsa. Nan take ruwan ya yi shuɗi-shuɗi. Kumfa ta taso ta rufe kwanon.

Kaka ta gyara tabarau. "Sabulu kika zuba a ciki?"

"A'a, Kaka. Daga jikin rigar ya fito."

Mama ta sa lafiyayyen hannunta ta ɗauki rigar ta shinshina. Ta zaro ido. "Wannan ai ƙanshin garin Babanku ne! Da na cikin bokiti kike wanke masa kaya?"

'Yar Baba ta gyaɗa kai. Ta ce, "Na ga sabulu uku, ban san wanne ba ne. Na ji kunyar tambaya. Na kwalbar ba ya kumfa, na ɗauka ba shi da ƙarfi. Ni ce na ja wa Auta ƙuraje. Ku yi haƙuri."

Sai Baba ya dafe kai ya ce, "Garin da ke cin baƙin mai! Ni kaina sai na sa safar hannu nake taɓa shi. Nuna mini hannunki."

Ta fito da hannuwan daga baya. Mama ta gani ta ce, "Wayyo 'yata! Kwana nawa kina ɓoye wannan?"

Ta jawo ta jikinta. Ta ce, "Kin yi kuskure, amma ba da mugunta ba. Ni ma da nawa laifin. Na ce miki yana cikin kabad, ban ce wanne ba. Kuma ina hango kumfa ta taga, ban taɓa zuwa na duba ba."

Kaka ta ce, "Ni ma na ji rigunan maigidan nawa sun yi ƙanshi. Cewa na yi amarya zai ƙara, shi ya sa yake fesa turare."

Kowa ya yi dariya, har 'Yar Baba.

Baba ya dubi Yaya. "Kai kuma mai shari'a, ka yanke wa mage hukunci ba shaida. Maza je gidan Gwaggonku ka dawo da ita."

Yaya ya fita sumui-sumui.

Da yamma aka kwaso kayan Auta gaba ɗaya. Baba ya naɗe hannun riga, ya ce shi zai ɗauraye su, tun da hannun 'Yar Baba yana ciwo. Sai da ya sake ruwa sau shida kafin kumfa ta ƙare.

Yana matsa tawul yana cewa, "Garin da kika zuba a nan, ai ya isa wanke mota da direbanta."

Mama ta ɗauko farar kwalbar ta miƙa wa 'Yar Baba. "Karanta mana abin da ke bayanta."

'Yar Baba ta karanta a hankali. "Don kayan jarirai da masu laushin fata. A zuba murfi ɗaya a baho ɗaya. A ɗauraye sosai."

Ta ɗago kai. "Murfi ɗaya kacal?"

"Kacal. Ba kumfa ke wanke kaya ba. In sabulu ya yi yawa, ruwa ba ya iya fitar da shi. Sai ya maƙale a zaren tufafi, ya bushe a ciki. In mutum ya sa ya yi gumi, sai ya narke a fatarsa. Fatar jariri kuwa ba ta da ƙwari."

"To na sandar fa?"

"Shi na goge wuyan riga ne da inda ya yi tabo. Na bokiti kuma na kayan aikin Babanku ne kaɗai. Shi ma rabin kofi ya isa."

'Yar Baba ta shiga ɗaki ta ɗauko takarda da alƙalami. Ta rubuta "Kayan Auta, murfi ɗaya." Ta rubuta "Kayan aikin Baba, rabin kofi." Ta manna kowacce a inda ta dace.

Bayan kwana biyu jan ya fara bajewa. Bayan kwana biyar fatar Auta ta koma sumul. Hannun 'Yar Baba ma ya warke, don Mama tana shafa mata mai safe da yamma.

Ran Juma'ar makon da ya biyo baya, Malama ta kira ta gaban aji. Ta ce, "In ba za ki ji kunya ba, ba 'yan'uwanki labari."

'Yar Baba ta ba da labarin tun daga farko. Da ta zo wajen hannu biyar, aji ya kwashe da dariya. Amma wani yaro a baya bai yi dariya ba. Ya ɗaga hannu yana sosa wuya.

Ya ce, "Malama, ni hannu huɗu nake zuba wa rigar makarantata."

Malama ta ce, "To ka ji da kunnenka. Ke kuma, me kika koya? Faɗa masa."

'Yar Baba ta gyara tsayuwa ta ce, "Abu uku. Kowane kaya da irin sabulunsa. Yawan sabulu ba shi ne tsabta ba, a auna yadda aka rubuta, a ɗauraye har ruwa ya fita garau. Na uku kuma, in ba ka sani ba ka tambaya. Matambayi ba ya ɓata."

Malama ta ce, "Ku tafa mata."

Aji ya ɗauki tafi raf-raf-raf. Yaron na baya ya fi kowa tafawa, da hannu ɗaya a kan tebur, don ɗayan yana can yana susa.